Adon harshe ga yaran makaranta: waɗanne za a koyar, kuma ta ina za a fara?

Wata malama da ke koyar da Hausa a wata makaranta a Rigasa, nan Kaduna, ita ta aiko da tambayar. An ba ta aji 5 da aji 6 na firamare, an kuma haɗa mata da aji 1 na ƙaramar sakandare. Ta ce yaranta sun haddace ma'anar kamantawa da siffantawa tsaf, in ta tambaya a tare suke rerawa, amma da zarar ta ba su ɗan rubutu ta ce su nemo adon harshen da ke ciki sai aji ya yi tsit. Tana son a fayyace mata ire-iren adon harshen da suka dace da yara masu waɗannan shekaru, da yadda za ta bi da su.

Malama, sannu da ƙoƙari. Abin da ya faru da yaranki shi ne an ba su suna tun ba a nuna musu mai sunan ba. Yaron da ke zaune gabanki ya zo makaranta da adon harshe cike da bakinsa. Shi ne ya ce wa abokinsa da safe yunwa za ta kashe shi, shi ne ya ce wance tana tafiyar hawainiya, shi ne ya ba da labarin ruwan jiya ya ce an yi shi kamar da bakin ƙwarya. Aikinki ki kama maganar daga bakinsa, ki ɗora ta a allo, ku kwance ta tare, sunan kuma ya zo daga ƙarshe. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya hau.

Adon harshe shi ne a karkatar da magana daga ma'anarta ta zahiri, ko a yi mata kwalliya, don ta zana hoto a zuciyar mai sauraro. Ki lura tun yanzu cewa littattafai ba su haɗu a kan sunaye ba. Wani ya ce kamantawa, wani kamance, wani tamka. Wani ya ce jinsantarwa, wani jinsarwa. Wani kambamawa, wani kambamar zulaƙe. Ki ɗauki sunan da ke cikin littafin da makarantarku ke amfani da shi ki tsaya a kansa har ƙarshen shekara. Sauran sunayen sai sun kai babbar sakandare, lokacin shirin WAEC da NECO, a gaya musu.

Ki fara da kamantawa, domin wanda ya gane ta sauran za su zo masa da sauƙi. Rukunai 4 gare ta: abin da ake magana a kansa, abin da aka ɗauko aka jingina shi da shi, kalmar da ta haɗa su, sai halin da suka yi tarayya a ciki. Ɗauki wannan: "Kakata tana da haƙuri kamar damo." Kaka ake magana a kanta, damo aka ɗauko, "kamar" ta haɗa su, haƙuri ne abin tarayya. Ki raba allo gida 4, kowace jimla a zuba ta cikin gidajen nan. Na huɗun shi ake yawan tsallakewa, alhali shi ne ran maganar. In yaro ya ce Kaka da damo sun yi kama, ki tambaye shi a ina. A fata? A wutsiya? Dariyar da ajin zai yi ita za ta zaunar da darasin a kansu. Waɗanda ke zuwa Islamiyya za su sake haɗuwa da waɗannan rukunai 4 nan gaba a fannin balaga, a babin tashbihi, kuma ba laifi ki gaya musu haka.

Kalmomin haɗawa su ne kamar, tamkar, sai ka ce, daidai da, da kuma "awa" wadda za su ji a bakin mawaƙan ƙasar Sakkwato da Zamfara. Ana kasa kamantawa gida 3. Akwai ta daidaito: barci kamar kasa, tsoro kamar farar kura, ɗaci kamar maɗaci. Akwai ta fifiko: maganarta ta fi zuma zaƙi. Akwai ta kasawa: ƙarfinsa bai kai na sauro ba. Yaran firamare ta daidaito ta ishe su a zangon farko, sauran biyun su biyo baya.

Ga inda ake tuntuɓe. Da zarar kin ce "kamar" ce alamar kamantawa, yara za su bi rubutu suna ja wa kowace "kamar" layi. To ba kowace ce ado ba. "Ya zo kamar ƙarfe uku" ƙiyasi ne. "Kamar za a yi ruwa" zato ne. "Kayan miya kamar su tumatir da albasa" jerin misali ne. "Jakata kamar taki ce" kwatanci ne na zahiri, jaka da jaka. Haka "Audu ya fi Musa tsawo", ba ado a ciki, ma'auni ne kawai. Sharaɗin da za ki ba su guda ɗaya ne: abubuwan biyu su kasance ba jinsi ɗaya ba, mutum da dabba, magana da zuma, hali da dutse, sannan a samo abu ɗaya da ya haɗa su. Ki riƙa cusa irin waɗannan jimloli na yaudara guda 2 ko 3 cikin kowane aiki tun makon farko. In ba ki yi haka ba, farautar kalma za su koya maimakon fahimtar magana.

Darasi ɗaya na minti 40 ga yadda zan so ki raba shi. Minti 5 na farko ki ba su rabin magana su ƙarasa da baki: "baƙi kamar...", "sun yi kama kamar...", "shiru kamar...". Za ki ji gawayi, za ki ji an tsaga kara, za ki ji an yi ruwa an ɗauke. Ki rubuta guda 6 a allo. Minti 10 na gaba ku zuba su cikin gidaje 4 ɗin nan. Sai a minti na 16 za ki faɗi sunan abin, ki bar su su gina ma'anar da kalmominsu, ki gyara, su kwafa, wannan minti 5 ne. Minti 12 su ƙirƙiro nasu, kowane benci jimla 3, a kan abin da suka sani: cunkoson Kawo da yamma, ƙarar jirgin ƙasa a tashar Rigasa, ƙurar hunturu. Ragowar minti 8 a karanta a tace. In ajin ya haura yara 60 kada ki ce sai kin ji kowa, ki zaɓi benci 5 ko 6, gobe ki zaɓi wasu. Wannan tsarin ya hau kowane nau'i da zai biyo baya, misalan kawai ake sauyawa.

Daga kamantawa zuwa siffantawa taki ɗaya ne, kuma a gabansu ya kamata ki yi takin. Ki rubuta "Audu jarumi ne kamar zaki." Ki goge "kamar", ki goge "jarumi ne", ya rage "Audu zaki ne." Kalmar haɗawa ta tafi, abin tarayya ya ɓuya, sai mai sauraro ya nemo shi da kansa. Shi ya sa siffantawa ta fi ƙarfi, shi ya sa kuma ta fi wuya ga yaro. Hausa cike take da ita: ilimi gishirin zaman duniya, tafiya mabuɗin ilimi, gaskiya dokin ƙarfe, ɗan'uwa rabin jiki, Kano tumbin giwa.

Kuna da misali a ƙofar gida. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, wanda ya yi mulki daga garin nan har zuwa 1966, Gamji ake ce masa, kuma yaranki da yawa sun taɓa zuwa Ƙofar Gamji yawon salla ba su taɓa tambayar ma'anar sunan ba. Ki gaya musu gamji itace ne babba mai faɗin ganye, mai yalwar inuwa. Sannan ki tambaye su me ya sa aka zaɓi gamji ba a zaɓi zogale ba. Ki yi shiru ki bar su. Wani zai ce girma, wani zai ce ana fakewa a ƙarƙashinsa, wani zai ce iska ba ta kayar da shi da sauƙi. Duk sun yi daidai, kuma a nan za su gane cewa siffantawa ɗaya tana iya ɗaukar halaye da yawa lokaci guda, abin da kamantawa mai ambaton hali ɗaya ba ta yi.

Kurakurai biyu ne ke biyo wannan darasi. Na farko, yaro ya ɗauka duk jimlar da ke da "ne" ko "ce" siffantawa ce. "Audu tela ne" ba ado ba ne, sana'arsa aka faɗa. Ko "wannan jaki ne", in jakin ake nunawa, magana ce ta zahiri. Sai an nuna mutum take zama siffantawa. Na biyu ya shafi tarbiyya: ranar da kika koyar da wannan, a ranar za a fara kiran wani biri, wata akuya, a ce ai aikin Malama ake yi. Ki kafa doka kafin a fara, ba a sa sunan ɗan aji ko na malami a misali.

Akwai kuma siffantawar da ta tsufa a baki har ba ma jin ta: bakin kogi, gindin bishiya, wuyan riga, idon sawu, goshin magariba. Yara suna jin daɗin gano cewa riga tana da wuya da hannu amma ba ta da kai. Ki ba su minti 10 su tattaro irinsu, ya isa. A jarrabawa dai ba su ake nema ba.

Jinsantarwa ita ce a ari halin wani jinsi a yafa wa wani. Rassanta 3. Mutuntarwa, a ba abin da ba mutum ba aikin mutum: barci ya sace shi, Kogin Kaduna ya yi fushi ya shiga gidajen mutane, damina ta yi sallama. Dabbantarwa, a ba mutum aikin dabba: mai gida ya yi gurnani, ta zuba masa dafi. Abuntarwa, a ba mutum halin abu marar rai: zuciyarsa ta tafasa, ƙwaƙwalwarsa ta yi tsatsa. A firamare mutuntarwa kaɗai za ki ba suna, sauran biyun na 'yan ƙaramar sakandare ne.

A nan akwai tuntuɓen da ya keɓanta da Hausa, wanda darasin da aka kwaikwayo daga littafin Turanci ba zai faɗa miki ba. A harshenmu kowane suna tilo ko dai namiji ne ko mace: rana ta fito, wata ya tsaya, kujera ta karye. Yaro yakan ga "ta" ko "ya" sai ya ce ai an mai da rana mace, saboda haka mutuntarwa ce. Ba ita ba ce, nahawu ne kawai. Ki koya musu su bar wakilin suna su dubi aikatau, su tambayi kansu: wannan aikin, in ba mutum ba, wa ke yin sa? "Rana ta fito" ba komai. "Rana ta leƙo tana murmushi" mutuntarwa ce, domin murmushi sai mai fuska. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi za su taimaka miki wajen buɗe darasin, tunda kowa ya san kura mai magana da zomo mai dabara, amma kada ki tsaya can. In kika tsaya, za su ɗauka sai dabba ta yi magana ake samun mutuntarwa, su kasa ganin ta a "yunwa ta kore shi daga gida".

Za a tambaye ki bambancin "direban zaki ne" da "direban ya yi gurnani". A ta farko an ambaci dabbar da sunanta, a ta biyu aikinta aka aro ba a ambace ta ba. Ta farko siffantawa, ta biyu dabbantarwa. Sai dai wasu masu nazari suna lissafa ta farkon ma cikin dabbantarwa, tunda an mai da mutum dabba. A ganina, yaron da ya ba da kowace daga cikin amsoshin biyu kuma ya kawo dalili, a ba shi makinsa.

Kambamawa ba ta ɗaukar lokaci, don yara gwanayenta ne: na kira ka sau dubu, duk Kaduna ta zo bikin, na mutu da dariya. Abin da zai ɗauki lokaci shi ne tambayar da wani yaro mai tarbiyya zai yi miki: "Malama, wannan ba ƙarya ba ce?" Kada ki share tambayar, mai kyau ce. Maƙaryaci yana so a yarda da abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Mai kambamawa kuwa ya san ba wanda zai ɗauka a zahiri, shi da mai sauraro duk sun san ƙarfin abin ake nunawa. In ya ce sau dubu, kambamawa ce. In ya kira sau 2 ya ce sau 5, wannan ƙarya ce, domin ana iya yarda. Matsalar da ke biyowa ita ce cikawa: za ki ga insha'i kowane layi da dubu da miliyan. Ki iyakance musu ɗaya a sakin layi, kuma ba a sa ta sam a wasiƙar hukuma ko rahoto.

Karin magana da adon magana su ne inda nake so ki fi daɗewa, don a nan ajin Kaduna ya bambanta da na ƙauyen Kano ko Katsina. Bambancinsu da farko. Karin magana jimla ce cikakkiya, tsayayya, mai ɗauke da hukunci: komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Adon magana kuwa guntu ne da ake sakawa cikin jimla, yana karɓar lokaci da wakilin suna: dogon hannu, farin jini, jan wuya, taurin kai, cin fuska, shan kaye. Za ki iya cewa "ya ci fuskata" ko "za ta ci fuskarsa", amma ba za ki juya karin magana haka ba.

Kowane karin magana a bi shi hawa 3: abin da kalmomin suka faɗa a zahiri, abin da ake nufi, da wurin da ake faɗar sa. Hawan farko shi malamai ke tsallakewa don suna ganin a fili yake, kuma ga yaron birni shi ne mafi duhu. Yaron da ya tashi ƙarƙashin rufin kwano a Tudun Wada ko Unguwar Rimi bai san bunu ba, to ta yaya zai gane "magana zarar bunu"? Sai kin gaya masa bunu tsohuwar ciyawar rufin ɗaki ce, in ka zaro ɗaya ba ta komawa mazauninta. Bai san jinka ba, balle ya ga dalilin da hannu ɗaya ba ya ɗaukar ta. "Ba a fafe gora ranar tafiya" ma haka. Ki samo gora ki kawo aji, ki nuna musu bakin da aka yanke, ki bayyana cewa sai an ƙwaƙule 'ya'ya da totuwar ciki, an jiƙa ta da ruwa ana zubarwa har ɗacin ya fita, sannan a iya zuba ruwan sha a ciki, kuma wannan aiki ne na kwanaki. Daga nan ki tambaya: wa za a gaya wa wannan magana? Da kansu za su ce wanda bai buɗe littafi ba sai daren jarrabawa.

Aikin gida a nan shi ne kowa ya kawo karin magana 2 daga bakin babba, tare da halin da aka faɗe su a ciki. In kika ce su kawo karin magana kawai, daga waya za a kwafo miki guda 20 ba wanda ya san ma'anarsu. Kuma in lafazin da yaro ya kawo ya ɗan saɓa da wanda kika sani, kada ki soke shi da jan biro. Na Zazzau da na Sakkwato sukan bambanta a kalma ɗaya ko biyu, ma'ana ɗaya.

Ajinki kuma ba Hausawa zalla ba ne. Akwai ɗan Gbagyi, akwai Bajju da Atyap, akwai Bafulatani, Banufe, Bayarabe. Da yawansu Hausar titi ta zauna a bakinsu sarai, amma adon magana yakan ba su wuya, domin a gida ake tsintar sa wajen kakanni. Irin wannan yaro zai iya ɗaukar "dogon hannu" a matsayin tsawon hannu. Kada a yi masa dariya. Ki tambaye shi yadda ake kiran ɓarawo a sakaye a harshensu, ki rubuta fassarar a allo kusa da ta Hausa. Ajin zai ga kowane harshe yana da nasa adon, shi kuma ya samu abin da ya kawo. Saboda wannan dalili ne ma nake ba ki shawara, in kin zo wasan nan na "turmi ture kura, kura ture turmi", ki kira shi karya harshe. Tsohon sunan da ake ce masa gagara-Gwari bai dace da ajin da 'ya'yan Gbagyi ke zaune ba, kuma su ne daɗaɗɗun mazauna ƙasar da garin nan ke kai.

Amsa-kama a nahawu ajin kalma ce, amma ita ce kwalliyar da ta fi sauƙin shiga rubutun yaro: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, sabo fil, tsoho tukuf, cike maƙil, tsaye cak. Kowace da abokin tafiyarta, ba a cewa fari ƙirin. Ki rubuta su a katuna 20, goma na kalmomi goma na amsa-kama, a yi gasar haɗawa. Ko 'yan aji 2 na firamare za su iya.

Sauran nau'o'in na 'yan ƙaramar sakandare ne. Sakaya zance shi ne a lulluɓe abin da ke da nauyin faɗa: ya riga mu gidan gaskiya, tana da juna biyu, ta sauka lafiya, zan kewaya, igiyar ƙasa a madadin maciji. Wannan darasin ladabi ne kafin ya zama na adabi, kuma sun riga sun san rabinsa. Akwai kuma ambaton abu a madadin wanda ke tare da shi. In labarai suka ce Gidan Sir Kashim ya fitar da sanarwa, ba gini ne ya yi magana ba, gwamnatin jiha ake nufi. Haka "fada ta kira shi", "tukunya ta tafasa", "baki goma yake ciyarwa". Yara sukan ce wa "fada ta kira shi" mutuntarwa. Ki nuna musu cewa a nan akwai mutum na gaske da ya yi kiran, an dai ambaci wurin zamansa ne.

Alamtarwa ita ce abu na zahiri ya tsaya a madadin wata ma'ana da jama'a suka yarda da ita, ba tare da an ambaci ma'anar ba. Ki fara da tutar Nijeriya da ke harabar makaranta: kore noma da albarkar ƙasa, fari zaman lafiya. Sai dagin Arewa, sai rawani a madadin sarauta, allo a madadin karatu, kada a madadin garin nan. Abin lura shi ne alama ta al'umma ce, ba ta duniya duka ba. A littattafan Turawa mujiya alamar hikima ce, a wurin Bahaushe kuwa baƙin jini take nunawa. Yaron da ke karatun harsunan biyu a rana ɗaya yana buƙatar a gaya masa wannan ƙarara, in ba haka ba zai kawo ma'anar can ya ɗora a waƙar nan. Don haka ne ma ba na son a fassaro jerin misalai daga darasin Turanci a kawo ajin Hausa.

Gatse, habaici da zambo 'yan gida ɗaya ne amma kowa da halinsa. Gatse a faɗi kishiyar abin da ake nufi: yaro ya fasa kwano uwa ta ce "ka kyauta". A rubuce ba a jin murya, shi ya sa yara ke ɗaukar sa a zahiri, don haka ki karanta musu da baki sau 2, da muryar yabo da muryar gatse. Habaici a yi da mutum ba a kama suna ba, shi dai ya san da shi ake, irin abin da ake rubutawa a bayan manyan motoci da Keke Napep, kamar "hassada ga mai rabo taki ce". Zambo kuwa a fito da mutum a muzanta shi, da suna ko da siffar da ba wanda zai kasa gane shi. Waɗannan ukun a koya musu ganewa kawai. Kada ki ba da aikin ƙirƙirar habaici ko zambo, faɗa za ki raba a bakin ƙofa.

Wajen gwaji, ki daina tambayar "mene ne siffantawa?" ita kaɗai. Ki rubuta ɗan labari na layi 7 ko 8, ki binne ado a ciki tare da tarko. Ga irinsa:

"Hunturu ya shigo Kaduna da fushinsa, sanyi yana yankan leɓe kamar reza. Kamar ƙarfe bakwai Inna ta aike ni Kasuwar Barci. Na tarar da ita cike maƙil, ba masaka tsinke. Wani mai gwanjo, dila ne wajen ciniki, ya ɗora mini rigar sanyi a kafaɗa. Na ce masa ni ɗalibi ne, kuɗina bai kai ba. Da na ga ya fara gurnani sai na ari ta kare."

A ciki akwai mutuntarwa a fushin hunturu, kamantawa a reza, amsa-kama a maƙil, kambamawa a ba masaka tsinke, siffantawa a dila, dabbantarwa a gurnani, adon magana a arar ta kare. Tarko 2 ne: "kamar ƙarfe bakwai" da "ni ɗalibi ne". Ga 'yan firamare ki ce su nemo 4, ga 'yan sakandare duka 7, kuma ki tambaye su dalilin da ya sa jimlolin tarkon ba ado ba ne.

Kowane ɗaya ki ba shi maki 4: maki 1 na gano wurin, 1 na faɗin sunan, 2 na bayyana abin da ake nufi da kalmominsa. Yaron da ya ja layi ƙarƙashin "dila ne", ya ce ana nufin mutumin yana da wayo, amma ya kira ta kamantawa, ya ci 3 cikin 4. Wanda ya rubuta "siffantawa" daidai ya kasa cewa komai game da wayo, 2 ya ci. In kin gama duba takardun ki ƙirga wurin da aka fi faɗuwa. In a tarkon "kamar" ne, ki koma kan sharaɗin jinsi biyu da sababbin jimloli 10, rabi ado rabi zahiri, su ware su a benci. In a bayanin ma'ana ne, gida na huɗu na allon nan ne bai zauna ba, sai ki ɗauki darasi guda cur kuna cike shi kaɗai, ke ki ba da abubuwan biyu, su su nemo abin da ya haɗa su.